Jirgin Mutum Ɗaya

Shekara goma sha tara ina sayar da albasa a Mil Sha Biyu,
ruwan Ikko kuwa ta tagar mota na san shi:
in mun hau doguwar gada, in leƙa, in kau da kai.
A garinmu rijiya gaba arba'in ce,
guga ya dawo da rabi, mu ce mun gode.

Sai likita ya ɗaure min dantse, ya matsa, ya saki,
ya dubi lambobinsa, ya dube ni:
"Malam Sallau, nemi wurin da ba a ciniki ka riƙa zama."
A Ikko? Na yi dariya har tari ya sarƙe ni.

Ran Lahadi na ga jirgin a gwanjo,
na roba, ja wur, tsawon tabarma biyu,
mazaunin mutum ɗaya tal,
ko ɗan rakiya ba shi da wuri.
Na taya, aka yi albarka, na ƙara, aka sallama.
Buhun albasa huɗu ya tafi a kan abin da ban iya hawa ba.

A shagon Madam Abeni sanduna sun jeru kamar rake,
kowace da keken naɗe zare, kowace da kuɗinta mai sa jiri.
Ga kifayen ƙarya masu ido da ƙyalli,
ga kwali da hoton wani ƙato,
farin ciki, baƙin zane bakwai daga wuya har wutsiya.
Na ɗora yatsa a kansa na ce, wannan nake so.

Wani tsoho da ya zo sayen darma ya kama ciki.
Baba Sewanu, gishiri ya cinye masa farce,
Hausarsa ta kasuwa, tawa Yarbancin na mota.
Ya ce, "Wannan kifi bai taɓa zuwa Ikko ba,
ko kakansa bai san hanya ba.
Ajiye."

Ya ajiye min sanda mai tsada,
ya ɗauko gajera, wadda ba za ta zungure ni a ƙunci ba.
Ƙugiya shida, ƙanana.
Darma uku. Zare ƙulli ɗaya.
Igiyar ɗaure filafili, don ruwa ba ya mayar da aro.
Rigar ruwa ya sa na fara biya,
ya ja maɗaurinta har na ji haƙarƙarina:
"Kifi zai jira. Matarka ma jira take."

Asuba, bakin ruwa a Badore.
Na sa ƙafar dama da bisimilla, jirgi ya ce bai yarda ba.
Na tashi jiƙe, hula ta kama hanyar Epe,
yara a kan kwale-kwale suna tafi.
Karo na uku na zauna daram,
na gane ƙugu ke tuƙi, hannu rakiya yake yi.

An ce kifi na ganin mai jar koma.
Ni jirgin gaba ɗaya ja ne,
har jikokinsu sun gan ni.

Na soka jatan lande, na jefa.
Na kamo leda.
Na kamo silifa ƙafar hagu.
Na kamo kainuwa da saiwarta.
Rana ta hau, wayata na can cikin mota tana kuka ita kaɗai,
ba wanda ya tambaye ni nawa ne kwando.

Can zare ya yi rawa,
wani abu mai rai ya ja ni daga ƙasa,
jan ya bi sanda, ya bi hannu, ya tsaya a ƙirji.
Karfasa ce, ba ta kai tafin hannuna ba,
ba zane, ba ƙyalli, sai ido da numfashi.

Baba Sewanu ya ɗaga filafili daga nesa.
Na auna ta da ido, irin na ɗan kasuwa:
albasa ɗaya ta ishe ta.